Gurbin Sunan Barau

Aska na tsakiyar kan Ɗanliti lokacin da ya ji muryarsa tana tahowa daga wajen 'yan tumaki. Ba kama aka yi ba, ba kuma wani ne ke kwaikwayonsa ba. Shi ne da kansa, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya ɗauki waƙa, ga gurminsa yana bi a ƙasa. Wani saurayi ne mai wando mai faɗin ƙafa ya saɓo rediyo mai cin kaset a kafaɗa, yana ratsa kasuwar Ƙanƙara yana taku ɗai-ɗai, don kowa ya gani ya san an samu.

"Kai, tsaya wuri ɗaya mana!" in ji Almu wanzami. "So kake in raba ka da kunne?"

Ɗanliti bai ji shi ba. Hankalinsa na kan akwatin, wanda ke cewa:

Shekarar da sama ta juya baya,
Rijiya ta koma rami,
Wa ya buɗe rumbu bai tambayi dangi ba?
Mai jan sa mai karyayyen ƙaho,
Mai gona a bayan dutse.

Ya runtse ido yana roƙon Allah abin ya tsaya nan. Ina! Muryar ta ja numfashi, ta ɗaga sama, ta ce, "Alhaji Nata'ala na Sabuwa!"

Almu ya ɗage askarsa. Tare suka taso, don haka ba ya tauna masa magana. "Ashe ka shiga akwati ba mu sani ba. Amma tsaya, wagga ba waƙar Baba Barau ba ce, na Mabai? Yaushe ya koma Sabuwa, har ya tahi Makka ba mu raka shi ba?"

Ɗanliti ya miƙe zumbur, ya kifa hula a kan da aka aske rabi, ya fizgi jakar gurminsa.

"To sauran gashin hwa?"

"Ajiye mani shi, ina dawowa!"

A ƙasar nan waƙa ba ta mawaƙi ba ce. Shi ke shan wahalar haɗa ta, amma da zarar ya kira sunan mutum a cikinta ta zama ta mutumin, kamar rigar da tela ya ɗinka ya miƙa. Ba mai cewa waƙar Ɗanliti. Waƙar Barau ake cewa, daga Ƙanƙara har Sheme, kuma kowa ya san dalili. Shekara huɗu da suka wuce, shekarar fari, lokacin da masu hatsi ke toshe bakin rumbu suna rantsuwa ba su da ƙwaya, Baba Barau manomi ya buɗe nasa guda uku ya bar kwano a bakinsu. Uwar Ɗanliti na cikin waɗanda suka ci geron nan. A kan jakinsa tsohon ya kai mata har ƙofar gida, don ƙafarta ba ta iya kai ta Mabai. Wata biyu Ɗanliti ya yi yana juya waƙar a ransa, yana tafe yana gunguni, har mutane suka fara tambayar ko lafiya. Ranar da ya fara rera ta a ƙofar gidan Barau, gaban jama'ar gari, ya ɗaga gurmi sama ya ce wannan ta Baba ce, ko bayan ransa ba za a sa wa wani ba. Ba wanda ya ce ya rantse. Bakinsa ne kawai, kuma bakin Ɗanliti ya saba riga hankalinsa isa wuri.

Shi kuwa Barau, ko a ranar kansa a sunkuye yake. Kirari na samari ne da 'yan dambe. Dattijo ba ya kiran sunan kansa, wani ke kira masa, aikin mawaƙi ke nan tun asali. Duk sa'ad da aka zo kan sunansa sai ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, ka ce laifi aka ce ya yi.

Daga nan kuɗin mai suka shigo ƙasa, masu kyauta suka canja. Manomi zai ba ka dami, ɗan kwangila kuwa ya cusa hannu a aljihu ya ba ka abin da za ka yi wata kana ci. Ɗanliti ya bi inda ake liƙi kamar kowa, ya yi waƙar direbobi, ya yi ta 'yan kwangila, har ta gidan mai ya yi. Wannan duk ba laifi. Laifin ya faru ne mako uku da suka wuce, a Sabuwa, wurin walimar sababbin tireloli biyu na Alhaji Nata'ala mai jigilar siminti daga Ikko. Ɗanliti ya shirya masa sabuwar waƙa ta tayoyi da kwalta, ya rera, wurin ya yi masa sanyi. Alhaji na hira da baƙinsa, ana ta gilmawa da farantan shinkafa ta gabansa. Ga shi kafin a kira shi wasu masu kalangu da 'yan amshi takwas da lasifika sun girgiza filin. Kunya ta kama shi, kafin ya yi shawara da zuciyarsa yatsunsa sun koma kan kiɗan da bai taɓa ba shi kunya ba. Ya ce a ransa, ina Sabuwa, ina Mabai? Wa zai kai labari? Ya zare suna ɗaya ya cusa wani. Nan take mata suka ɗauki guɗa. Alhaji, wanda rabonsa da fartanya tun yana yaro, jan sa kuwa sai dai a tukunya, ya miƙe ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura masa. Ɗanliti ya ga wani ya kara masa akwati kusa da baki, amma ya ɗauka iyayin 'yan zamani ne kawai.

Yanzu ga shi yana kutsawa cikin kasuwa, agogon na sheƙi a hannunsa. Yau mutanen Mabai sun cika kasuwar nan. In la'asar ta yi za su koma gida, kuma ba abin da ya kai kunnen ɗan kasuwa saurin ɗauka.

Ya cim ma saurayin nan mai rediyo, ya lallashe shi ya saye kaset ɗin daga cikin akwatin. Shi ya nuna masa teburin Harisu mai sayar da kaset, kusa da tasha, tsakanin mai batir da mai tocila.

"Sarkin gurmi da kansa!" in ji Harisu, yana washe baki. "Wallahi tun safe kai ake saye."

"Rage murya. Nawa sunka saura?"

"Ga su nan, tara."

"Zuba mani su duka."

Abin da Ɗanliti ya sani game da murya a cikin akwati shi ne faifan garmaho. Can Ikko ake buga shi, a kawo 'yan kaɗan, in sun ƙare sun ƙare, sai wata shekara. Don haka dabararsa mai sauƙi ce, kuma a ganinsa mai kyau: ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwashe, ya haƙa rami ya binne, magana ta mutu. Harisu bai ga dalilin da zai gyara masa fahimta ba. Ya zuba masa su a jaka kan gurmin, har da addu'ar Allah ya ƙara ɗaukaka.

"Daga ina ake kawo maka su?"

"Faskari. Wurin Abdulkarim mai gyaran rediyo. Shi ya ɗauko ka a Sabuwa, can uwar take."

Uwar! Kalmar ta zauna masa daram. In ya kama uwar, ai an gama.

A tasha ya tarar da wata Fijo mai buɗaɗɗen baya tana lodin Sheme da Faskari. Da direban ya gane shi, sai ya sauko da wani mai kaji daga gidan gaba ya ba shi wurin, don girmamawa. Motar ba ta gama fita gari ba direban ya laluba aljihun mota, ya fito da wani abu yana murmushi, ya tura a rediyo. Gyaran murya ya fito, gurmi ya biyo.

"Kashe, don Allah," in ji Ɗanliti.

"Haba, Malam Ɗanliti! Yau ina ɗauke da mai abin, in kashe? Kai na baya, ku san da wa kuke tafe!" Ya ƙara murya.

"To sayar mani da ita."

"Ko Alhajin ne ya zo da kansa ba ni sayarwa. Wagga ita ka hana ni gyangyaɗi."

Hanyar Sheme ta Mabai take bi. Wannan Ɗanliti ya sani tun yana tasha, amma ya sa wa ransa cewa za a wuce a guje. Suna isa garin wata tsohuwa ta buga rufin mota daga baya, a sauke ta da buhun takinta. Aka tsaya daidai bakin hanya, gurmi na tashi, gidan Barau ga shi can bayan tsamiya ba nisa. Ɗanliti ya duƙa ƙasan kujera yana neman abin da bai yar ba. Ta gefen ido ya hango gonar bayan dutse, wadda a dā in damina ta kai haka ba ka ganin mutum a cikinta. Rabi an nome, rabi ciyawa ta cinye. Ya san 'ya'yan tsohon sun tafi Kaduna aikin masaƙa, amma bai san abin ya kai nan ba, don shekara biyu rabonsa da taka garin.

Tsohuwar ta zagayo ta karɓi canjinta wurin direba. Ta tsaya ta saurari waƙar har aka kira sunan, sannan ta leƙo ta dubi ƙeyar Ɗanliti.

"Ɗanliti ne? Sannu da hanya. A gai da Alhaji."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Bayan Sheme kwalta ta ƙare. An yi ruwa jiya, motar ta yi tafiyar da ba ta kai ta kawo ba ta kafe a taɓo. Kowa ya sauka turi, direba ya bar rediyo a kunne don a ji ƙarfi. Ɗanliti ya tura, ya duba agogo, ya zagaya, ya sake dubawa, ya tambayi direba ko akwai wata hanya, ya tafi bakin daji ya dawo. In waƙar ta ƙare direba ya mayar da zaren baya ta sake farawa. Kafin a fitar da motar fasinjoji sun haddace ta, mai kajin nan ma da aka kora baya shi ke ja musu baki. In an zo gurbin suna sai su haɗa murya gaba ɗaya, da taɓo har gwiwa, su kira Alhajin Sabuwa. Ɗanliti bai taɓa jin ana son waƙarsa haka ba, bai kuma taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba.

Azahar ta gota suka shiga Faskari. Shagon Abdulkarim ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin rediyo, ga warin dalma da aka narka. Mai shagon siriri ne mai tabarau, ya yi makaranta har ya kusa zama malamin firamare. Ya karɓi baƙonsa hannu bibbiyu, ya aika a kawo lemo.

"Ba lemo ya kawo ni ba. Uwar nake so. Ka faɗi abin da za ka faɗa, ka ba ni ita."

"Wace uwa?"

"Wadda ka ɗauka a Sabuwa. Na kwashe na Ƙanƙara, ga su nan a jaka. In ka ba ni ita, da waɗanda ke wurinka, saura ta direban nan kaɗai."

Abdulkarim ya leƙa jakar, ya dube shi, ya cire tabarau ya goge. Ya so ya yi dariya, amma ya ga fuskar mutumin.

"Malam Ɗanliti, zo ka gani."

A kan tebur akwai rediyo biyu, an haɗa su da 'yar waya. Ya zaro kaset ɗaya daga cikin na jakar ya sa a na dama, ya ɓare sabo fil daga takarda ya sa a na hagu, ya danna. Suka tsaya suna kallon zare na juyawa. Bayan ɗan lokaci ya tsayar, ya mayar da sabon baya, ya kunna shi kaɗai. Gyaran murya ya fito, gurmi ya biyo.

"Ka gani? Wanga da ka sayo a Ƙanƙara, ga shi ya haihu a gabanka. Kowace ɗaya uwa ce. Duk mai akwati biyu da waya shina iya yi. Ni kaina na daina sanin inda ta kai. Funtuwa ana juya ta, Gusau ana juya ta. Wani direban tirela ya ce mani ya ji ta a Ikko wurin 'yan goro." Ya buɗe aljihun tebur ya fito da wata mai tambarin jan biro. "Ga ta farkon nan, in kana so ɗauki, kyauta. Amma ba abin da za ta tsare maka."

Ɗanliti ya zauna a kan wata matacciyar rediyo ba tare da ya duba ba.

"Ba a iya goge suna ɗaya a ciki?"

"A wagga ana iyawa. Sauran hwa? Ni ban ma gane ba. Mutane na zuwa har nan suna roƙona in ɗauke su. Kai ka samu abin da kowa ke nema, kana bin shi da gudu kana son kashewa."

Ɗanliti ya miƙe. Ina zai fara? Ya karɓi ta jan biron ya jefa cikin jaka, don kawai kada a ce ya zo Faskari a banza. Dabara ta ƙare. Abin da ya rage shi ne wanda ya yini yana gudu: ya je ya faɗa da bakinsa kafin 'yan kasuwa su faɗa da nasu.

Ya samu wani mai babur ya kai shi Sheme, ya yi la'asar a tsaitsaye, ya hau bayan motar itace zuwa Mabai. Hadari na haɗuwa ta gabas. A hanya ya shirya maganar da zai yi sau uku, sau uku tana rushewa. Da ya sauka gindin tsamiya ya kwance agogon ya tura can ƙasan aljihu.

Bai kai ƙofar zauren ba ya tsaya cak. Gurmi ke tashi daga ciki, a hankali, batir ya fara sanyi. Muryarsa ce. Ashe duk gudun da ya yini yana yi, an riga shi.

Mai jan sa mai karyayyen ƙaho,
Mai gona a bayan dutse.

Ya dafe bango yana jiran sunan ya faɗo masa a ka. Sai muryar ta ɗauke ɗif, kamar an toshe mata baki. A cikin shirun nan wata murya ta daban, ta tsoho, mai rawa kaɗan, ta ce, "Barau na Mabai." Sai kiɗan ya dawo daidai inda ya kamata, ya ci gaba.

Ɗanliti ya leƙa. Baba Barau na zaune a kan buzu, shi kaɗai, ya miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura, rediyo a kan cinyarsa, yatsunsa biyu a kan abin murɗa murya. Idonsa a rufe. Waƙar ta sake zagayowa, ya murɗe, ya faɗi sunansa, ya buɗe. Ko ƙiftawar ido bai kuskure ba. Wannan ba aikin yau ba ne, ba na jiya ba.

Mutumin da ke zane a ƙasa in an kira shi ke nan. Ɗanliti ya yi sallama.

Tsohon ya kashe akwatin, bai yi saurin ɓoye shi ba. "Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar Ɗanliti? Shigo, shigo."

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi uwar Ɗanliti da ƙafarta, aka tambayi ruwa. Garin sunkuyawa hularsa ta zame ta faɗi.

"Wanzamin naka mutuwa ya yi tsakiyar aiki?" in ji Barau.

"Ni na gudu, Baba."

Ya jawo jakar ya zazzage kaset ɗin gaban buzun, sannan ya faɗi komai, ba yadda ya shirya ba. Ya faɗi Sabuwa, da masu kalangu, da kunyar da ta kama shi, da Harisu, da Faskari. Har agogon ya fito da shi ya ajiye a ƙasa, tunda ɓoyon ya ishe shi. Tsohon na saurare yana shafa bayan rediyon.

"Gide ya aiko mani da akwatin nan daga Kaduna, wai in riƙa jin labaru," in ji shi daga baya. Gide shi ne babban ɗansa. "Sai anka ce mani muryarka ta shiga irinsa. Na ce a sawo mani kaset ɗin, in saurare ka, ɗana. Kwana goma sha biyu ke nan." Ya dubi kaset ɗin da ke gaban buzun. "Ta fita da kyau. Ka ma fi yin ta da ƙarfi can."

"Baba, ka yafe mani."

"Jan san nan, shi ma Alhajin shina da irinsa?"

"Ba shi da shi, Baba."

"To. Na ce ko an yi biyu. Nawa dai an sayar da shi bara, ba mai bin shi da garma."

"Zan koma Faskari gobe a ɗauke ta da sunanka. In sa a juya ta ta fi waccan yawa. In je Sabuwa in mayar masa da agogonsa."

"Ka mayar masa a kan mi? Ya ji daɗi ya ba ka, shi bai cuce ka ba. Kwashe waɗannan ma, mi zan yi da su? Tawa ta ishe ni." Ya dubi ƙofa, inda iska ta fara kaɗa asabari. "Ran farko na ji zafi, ba ni ɓoye maka. Amma kai shekara biyu ba ka zo ba. Ita kau in na danna sai ta zo. Wuri ɗaya ne take kuskure, shi kuma na koyi gyara shi."

Ba faɗa a muryarsa, ba gori. Shi ya sa maganar ta shiga Ɗanliti har ƙashi.

"Baba, bari in yi maka ita yanzu. Yadda take."

"To, bismilla. Batir ma ya huta."

Ya fito da gurmin, ya ɗaure tsirkiyar da ta saki don jijjigar hanya, ya gyara murya. Yayyafi ya fara sauka a kan rufin zauren. Ya ɗauke ta a hankali, yadda ya fara yin ta a ƙofar gidan nan, ba yadda ya yi ihunta a Sabuwa ba. Tsohon ya rufe ido ya jingina da bango. Ɗanliti ya wuce shekarar da sama ta juya baya, ya wuce rijiya, ya wuce jan sa, ya zo bayan dutse. Ya cika ƙirjinsa da iska don ya kira sunan da ƙarfin da za a ji shi har bakin hanya.

Hannun Barau ya tashi daga kan cinyarsa, yatsu biyu suka murɗa iska.

"Barau na Mabai," in ji tsohon.

Bakin Ɗanliti a buɗe, sunan na kan harshensa, an riga shi. Ya dubi tsohon. Ba da gayya ya yi ba, idonsa ma a rufe yake, hannun ya koma inda yake. Yatsun Ɗanliti suka ci gaba da kiɗa don kansu.

A zagaye na biyu ya yi niyyar ya riga shi. Ya haɗiye rabin baiti, ya yi tsalle ya cafko sunan, kiɗan ya karkace, muryoyin biyu suka yi karo, ba a ji ta kowa ba. Barau ya buɗe ido ya dube shi, duban da ake yi wa wanda ya taka shuka, sannan ya sake rufewa.

Ɗanliti ya daidaita kiɗan ya koma farkon baitin. Ruwa ya ƙara ƙarfi a waje. Ya bi ta rijiya, ya bi ta rumbu, ya bi ta jan sa mai karyayyen ƙaho, ya iso gonar bayan dutse. Da gurbin ya zo, sai ya sassauta tsirkiya, ya rufe bakinsa, ya bar masa wurin.